Bindigar da Kawu Bai Miƙo Mini Ba

Mu na Allah ne, kuma duk nisan da kasuwa ta jefa mutum, wurinSa zai koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu gidan gaskiya ranar wata Talata, kwana goma sha tara bayan ya bar garin nan na Guangzhou ya koma gida. Ciwon kwana biyu ya yi. Kafin wayar ta iske ni a ofishin wani mai lodin kaya mutumin Kumasi, inda dukkanmu muke karɓar kira daga gida, an riga an kai shi makwancinsa, an dawo, har an share tsakar gida.

Washegari bayan la'asar 'yan kasuwarmu suka taru a ɗakina, a masaukin da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Ƙarshen shekarun casa'in ke nan, ba mu da yawa, an dai fara baro Bankok ana gwada nan. Wasu suka zauna a bakin gado, wasu a kan kwalayen takalma, ana ta gumi ga ruwan sama yana dukan taga. Aka yi addu'a aka shafa, sannan kowa ya fara faɗin abin da ya sani.

Wani Badamagare mai sayen atamfa ya ce, "Wallahi dattijon kirki ne. Bai taɓa sayen takalmi ba sai ya lanƙwasa shi sau uku ya sunsuna."

Wani Alhaji ɗan Kano ya ce, "Allah Ya jiƙan tsoho. Shi dai matsalarsa ɗaya, in ya kama zancen bindigar nan tasa sai ka rasa ƙofar gudu." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a gidan makoki.

Mutumin Kumasi kuwa yana can gefe guda. Ƙato ne, mai murya kamar ta injin niƙa, amma ranar ya haɗa kai da gwiwa yana ta share ido da hularsa. Da zai fita ya riƙe hannuna, ya kira ni yadda mutanen ƙasarsu ke kiran aboki, ya ce, "Masa, ka yi haƙuri. Tsohon nan yana son ka, kai ne ba ka gani."

Na ji haushin wannan magana, kuma na ji haushin sauran. Mutum ya yi shekara hamsin yana shiga daji, ya san kukan kowane tsuntsu daga dajin Ningi har bakin Yobe, ga shi yau abin da ya rage nasa a bakin mutane shi ne yana sunsuna takalmi kuma yana da surutu. Amma tun ranar na ƙudurta sai na rubuta wane ne shi, tare da abin da ya shiga tsakaninmu, ko da ni ne zan ji kunya a ciki. Har yau ina jin haushinsa, kuma ba zan ɓoye ba don ya mutu.

Kawu maharbi ne kafin ya zama ɗan kasuwa, kuma ko da ya zama ɗan kasuwar, aro ya yi. Bindigoginsa biyu, duka da lasisinsu a naɗe cikin leda. Ɗaya mai baki biyu ce, lamba sha biyu, ta kakanmu ce, gindinta ya yi baƙi da gumin mutum biyu. Ɗayar mai baki ɗaya, lamba ashirin, siririya, marar nauyi, ita ya saya da kansa. Wanda bai san bindigar tsuntsu ba zai ɗauka ashirin ta fi sha biyu girma. Ba haka ba ne. Kawu yakan ce a ɗauki laba ɗaya ta dalma a raba ta gida goma sha biyu, a mulmula kowane kashi, to wanda ya cika bakin bindiga daidai, wannan bindigar ita ce sha biyu. In gida ashirin aka raba, ƙwallon ya ƙanƙance, bakin ma ya tsuke. Saboda haka sha biyu ta fi watsa dalma, ta fi cin nisa, ta kuma fi shurin kafaɗa.

Harsashin sha biyu ja yake saya, na ashirin rawaya, kuma bai taɓa yarda su kwana a aljihu ɗaya ba. Ya ce in rawaya ya faɗa cikin bakin sha biyu zurmawa yake ya maƙale a ciki, ka ɗora ja a bayansa ka ja kunama, sai a tsinci yatsunka a kan ƙaya. Wannan ɗabi'a ta biyo shi har nan. In ya ga takalmi lamba arba'in da biyu ya shiga kwalin arba'in da uku, sai an zazzage kwalin gaba ɗaya, ko da motar lodi tana ta oda a waje.

A gidanmu ba a gadon bindigar kaka, miƙa ta ake yi. Mai ita zai fita da kai daji, ya ba ka ita, ka kayar da tuje da harbi ɗaya, sannan ya ce ka riƙe, kada ka dawo da ita. Haka kakanmu ya yi wa Kawu. Tuje kuwa tsuntsu ne babba, mai dogon wuya, nauyinsa ya kai na talo-talon gida, ga wayo, ga gashi mai kauri da dalma ba ta cika ratsa shi ba. 'Ya'yan Kawu maza uku babu wanda ya taɓa sha'awar daji, ɗaya malamin makaranta, biyu suna kanti. Ni ne na bi shi tun ina riƙe masa gora. Kuma ni ɗan ƙanwarsa ne, ba ni da ko allura a gadonsa. In bai miƙo mini bindigar nan da hannunsa yana raye ba, ta tafi ke nan. Na san haka, shi ma ya sani.

Sau ɗaya ya gwada ni. Ina da shekara ashirin da biyar, bayan an girbe dawa, muka kwanta a gindin wata sabara tun da hantsi. Tuje ya fito yana taƙama kamar sabon ango. Kawu ya miƙo mini sha biyu ya raɗa mini in bari ya ƙara matsowa, in kuma auna wuya. Na jira, na auna, amma daidai lokacin da zan ja kunama sai jikina ya tuna shurin da ke tafe. Na runtse ido, kafaɗata ta zame, dalma ta sami tsuntsun a fiffike. Ya faɗi, ya tashi, ya ja fiffiken ya shige ciyawa. Wuni muka yi muna bin jini. Washegari muka same shi a bakin wani kwari, tururuwa sun riga mu, ga shi bai gama mutuwa ba. Kawu ya yanka shi, ya goge wuƙar a ciyawa, ya karɓi bindigarsa daga hannuna. Tun daga wurin har gida, tafiyar awa uku, bai ce mini ko sannu ba.

Shekara goma sha huɗu ke nan. A cikinsu na yi aure, na haifi 'ya'ya huɗu, na kayar da zabi da fakara da ashirin ba adadi, na biyo shi Bankok, na biyo shi nan. Duk kaka sai na ce, "Kawu, bana fa?" Shi kuma sai ya ce, "Ashirin ba ta yi maka laifin komai ba."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gwajin da ya ƙirƙiro a garin nan. Nan ba a riƙe bindiga, ko ta wasan yara ka ɗauka sai an kalle ka. To sai Kawu ya mayar da kasuwar takalma ta Zhanxi Lu dajinsa. Muna da wata mata da muke saye a wurinta, gajera, mai gilashi, muna ce mata Loban kamar yadda ake ce wa kowane mai kanti a nan. Ina tsugune ina duba ɗinkin takalmi, hankalina ya tafi, sai Kawu ya lallaɓo ta bayana da takalmi ƙafa biyu, ya haɗa tafinsu daidai kunnena, tas! Ni kuwa sai na zabura, ido a rufe. Sai ya ajiye takalman a hankali ya ce, "Har yanzu."

Loban takan yi dariya har ta cire gilashi. Masu kantin gefe suka gane wasan, suna ganinmu sai su fara haɗa tafin hannu. Ni magidanci, mai cika kwantena da sunana, na zama abin nishaɗin layin takalma. Na yi masa magana a ɗaki, na ce, "Kawu, don Allah ka daina yi mini haka a gaban mutanen nan." Ya ce, "Tuje ma ba zai tambaye ka ko ka shirya ba." Ya juya ya ci gaba da jan carbinsa.

Ba zan zalunce shi ba, mutum ne mai tausayi, sai dai tausayinsa ya fi sauka a kan tsuntsaye. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka ratsa wata kasuwa da ake sayar da dabbobi da rai a cikin keji. Kawu ya tsaya cak a gaban wani zakaran daji mai doguwar jela, fiffikensa ɗaya a karye yana reto, ƙashin ya fito. Ya tsuguna ya daɗe yana kallonsa. Mai kejin ya yi ta nuna masa masu lafiya, Kawu ya girgiza kai ya nuna karyayyen. Ya saye shi, ya nemi lungu ya fuskanci alƙibla ya yanka, ya kawo masauki ya yi farfesu a kan ɗan rishon da muke ɓoyewa a banɗaki. Lokacin mutumin Kumasi yana kwance kwana biyar da zazzaɓi, ba ya iya cin abincin garin. Kawu ya zauna a kansa da cokali har ya shanye kwanon. Ni ko romo ban samu ba.

Rigimarmu ta ƙarshe daga wata mujalla ta taso. Mutumin Kumasi ne ya dawo da ita daga Hong Kong, ta maharban Amurka ce, ya kawo wa Kawu tsaraba. Muna zaune a ofishinsa da rana ana jiran takardun lodi, mu wajen shida. Kawu ya buɗe ya ga hoton wani Bature sanye da kaya masu launin ganye, ya rataya wani ƙaton tsuntsu a kafaɗa. Ya kawo hoton kusa da ido, ya mayar nesa.

"Kai, wannan ba talo-talo ba ne?"

Mutumin Kumasi ya ce, "Shi ne, Baba. A can a daji yake, farautarsa ake yi."

"Talo-talon da matan Sabon Gari ke kora da zani? Ikon Allah." Ya duba ƙirjin tsuntsun da ƙafafunsa. Can ya ce, "A'a, wannan ba na gida ba ne. Dubi ƙafar. Wannan yana gudu, kuma yana gani. Ɗan'uwan tuje ne."

Daga nan musu ya kaure a kan wace bindiga ta dace da shi. Alhajin nan ɗan Kano, wanda ban taɓa jin ya harbi ko ƙadangare ba, ya ce ai babban tsuntsu sai babbar bindiga, lamba goma kawai. Kawu ya dube shi ya ce goma ta masu son a gan su ce, za ka ɗauke ta wuni guda kamar ka ɗauki taɓarya, in ka harba kuma ku faɗi tare da tsuntsun. Badamagare ya ce a ƙasarsu sha shida Faransawa suka bari. Kawu ya ce bindiga ce mai kyau, amma ka je neman harsashinta ka ga yadda za ka tsufa a hanya.

Sannan ya gyara zama, ya ɗauki lemar mutumin Kumasi ya kafa ta a kafaɗa. Ya ce tsuntsu irin wannan ba a harbinsa a jiki, gashin sulke ne, kai da wuya ake nema, kuma wurin bai fi tafin hannu ba. Sha biyu tana zuba dalma da yawa a wannan ɗan wurin har taku arba'in, ita ce ta aikin. Ashirin ma tana kashewa sarai, amma sai ka yi haƙuri ya shigo taku ashirin da biyar. Ya ce kafin mutum ya zaɓi lamba, ya kafa kwali a taku arba'in, ya zana wuyan tsuntsu, ya harba, ya je ya ƙirga hujin da ke cikin zanen. Kuma ya sa wani ya tsaya a gefe yana kallon idonsa, ba kwalin ba.

"Don me ido?" in ji Badamagare.

"Don ba tsuntsu kaɗai ake aunawa ba, har da mai harbin. Ashirin a hannun wanda idonsa ke buɗe ta fi sha biyu a hannun wanda ke tsoron abin da ya riƙe."

Da a nan aka tsaya da lafiya lau. Sai Alhajin nan, mai neman abin dariya, ya nuna ni ya ce, "To shi ɗanka fa, wacce za a ba shi in an je Amurka?"

Kawu ko kallona bai yi ba ya ce, "Ashirin." Kuma bai tsaya nan ba. Ya kwashe labarin tujen nan kaf ya ba su, har tururuwan bai bari ba.

Na miƙe. Abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na ɗaga masa murya a gaban mutane. Na ce, "Kawu, shekara goma sha huɗu kana yanka ni da tsuntsu ɗaya. In ba za ka ba ni ba ka ce ba za ka ba ni ba. Ka riƙe abarka, a binne ku tare." Kawu ya naɗe lemar ya jingine ta a bango, ya ce, "Allah Ya huci zuciyarka." Na fita na bar ƙofar a buɗe.

Kwana shida suka rage masa a garin, kuma a ɗaki ɗaya muke. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ana jibi zai tafi, da safe ina ɗaura agogo, ya zo da tef ɗin awon takalmi ya ce in miƙo hannun dama. Na miƙa ina kallon bango. Ya lanƙwasa mini gwiwar hannu, ya auna daga lanƙwasar zuwa gaɓar yatsan nuni, ya auna nasa, ya yi ɗan rubutun ajami a bayan wani guntun kwali. Na ɗauka riga zai sa a ɗinka mini ta ban haƙuri, na ce a raina ko alkyabba ce ba na so. Ban tambaye shi ba, shi ma bai ce komai ba.

Ranar tafiyarsa ban raka shi tashar jirgin ƙasa ba. Na ce ina da lodi, alhali lodin sai yamma. Mutumin Kumasi ne ya ɗaukar masa jaka. Kawu ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mini, "Na bar saƙo wurin Loban, sai nan da sati uku zai fito. In za ka taho gida da kaka, kada ka baro shi." Na ce, "To," ina ta faman ɗaure wani kwali da bai buƙaci ɗauri ba. Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya.

Bayan kwana biyu na je Zhanxi Lu. Loban ta zaro wani guntun kwali daga ƙarƙashin tebur, an zana wani abu a kai mai kama da tafin silifas ɗin yaro, ba dunduniya, ba hagu ba dama, da ɗigo biyu a tsakiya. Da ɗan Turancinta da yatsunta ta tambaye ni, ƙwaya ɗaya tak? Ba ƙafa biyu ba? Kuma kaurin yatsa biyu? Ta ce masana'anta ba sa son yanka abu ɗaya. Ko karɓar kwalin ban yi ba. Na ce mata, "Meyo, meyo," wato babu, a bar shi. Na nuna kaina da yatsa na juya, alamar tsoho ya fara rikicewa. Ni da na shekara ashirin ina goge gindin bindigar nan da man gyaɗa, na kalli zanensa ban gane shi ba, saboda ina fushi.

Kwana uku bayan zaman makoki na koma kasuwa, don kaya ba su san an yi mutuwa ba. Labari ya riga ni isa layin. Babu wanda ya haɗa tafin hannu. Loban ta taso daga kujerarta ta cire gilashi, ta faɗi wata doguwar magana da yarensu wadda ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane gaisuwa ce. Sannan ta shiga ciki ta fito da wani abu a naɗe cikin jarida.

Baƙar roba ce mai laushi, irin ta tafin takalmin gudu, an yanka ta daidai zanen nan, an huda wurin ɗigo biyun. Ashe ba ta ji maganata ba. Ta nuna mini da yatsu cewa sau uku tsohon ya dawo kafin ya tafi, yana roƙonta. Ta ɗauki sandar da take sauko da kwalaye, ta kafa a kafaɗa kamar yadda ya nuna mata, ta ce, "Bum," ta ja baya tana yamutsa fuska. Sai ta sa robar tsakanin sandar da kafaɗarta, ta sake cewa, "Bum," wannan karon ba ta motsa ba. Daga nan ta miƙa hannu ta ɗora robar a kafaɗata ta dama, ta danna, ta ce tawa ce.

Na juya guntun kwalin. Ajamin Kawu ne, mai karkata kamar zai faɗi. Ya rubuta awon hannunsa, ya rubuta nawa a ƙasa, nawa ya fi da yatsa biyu. A gefe ya rubuta sha biyu, sannan sunan da yake kirana da shi tun ina riƙe gora.

A nan na gane abin da ya gano. Gindin bindigar kaka an yanka shi ne daidai gajerun mutane irinsa da kakanmu. Ni dogo ne, ba ta zama mini daram a kafaɗa, shi ya sa take dukana fiye da yadda take dukansu. Yaushe ya gane haka? A ofishin nan da ya kafa lema? Ko tun da daɗewa yana juya abin a ransa? Ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya. Abin da na sani shi ne na zauna a kan kwalin takalma a tsakiyar Zhanxi Lu na yi kukan da ban yi a zaman makoki ba, Loban tana tsaye tana kare ni daga masu wucewa.

Kuma ko a cikin kukan haushinsa nake ji. Kawu, me zai ragu a jikinka in ka buɗe baki? Kalma nawa ce? Ka ce, ɗan nan, na gano matsalar, da kaka za mu fita. Kana iya yin awa biyu kana yi wa mutanen da ba su taɓa jin warin albarushi ba bayanin lamba goma da sha shida, amma ni da ke kwana ɗaki ɗaya da kai sai ka auna ni kamar takalmi ka yi shiru. Ni ma me zai ragu a jikina in na ce, Kawu, awon mene ne wannan? Halinmu ɗaya, shi ya sa muka yi asara iri ɗaya.

Na kira gida daga ofishin mutumin Kumasi. Bayan mun gaisa na ce wa mahaifiyata, "Inna, bai bar wata magana a kan bindigogin ba?"

Ta ce, "Wace magana, ciwon bai ba shi fili ba. Ya dai sauko da babbar ranar da ya dawo, ya kwance ƙarfen gindinta ya ajiye, ya ce kai za ka zo da abin da za a sa. An haɗa su cikin kayan gado. Yayyenka sun ce in kana so za su sayar maka kafin su kai wa wani."

Na ce zan yi tunani. Ba su yi laifi ba, haƙƙinsu ne, kuma sun kyauta da suka tuna da ni. Zan iya saye. Amma a gidanmu ba a taɓa sayen bindigar nan ba, kuma wanda zai tsaya a gefena ya kalli idona ya ce riƙe, ba ya nan.

Da na ajiye wayar, mutumin Kumasi yana kallona. Na zaro robar daga aljihu na ba shi labarin duka. Lemar nan tana jingine inda Kawu ya bar ta. Na ɗauke ta, na sa robar a gindinta, na kafa a kafaɗa, ta zauna daram kamar da ita aka haife ni. Na auna kalandar da ke bango. Na ce masa, "Cire takalmanka ka zagaya bayana. Kada ka gaya mini lokacin."

Ya ce, "Masa, bari mana."

Na ce, "Don Allah."

Ya cire, ya zagaya. Na buɗe ido iyakar buɗewa, na riƙe numfashi, ina jin fanka tana juyawa. Ya daɗe, har na fara zaton ya fasa. Sai tas!

Na runtse.

Babu wanda ya ce, "Har yanzu." Mutumin Kumasi ya mayar da takalmansa a hankali yana kallon ƙasa.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo, wanda bai taɓa barin tsuntsu ya kwana da ciwo ba in yana da iko. Ka yi masa sauƙin da ya fi wanda ya yi musu, Ka yalwata masa makwanci, Ka yafe masa shirunsa, ni kuma Ka yafe mini abin da na faɗa masa a gaban mutane. Robar tana cikin jakata. Ya ce kada in baro ta, da kaka zan kai ta gida.